Kwaɗon Tudu

Shekara ashirin da huɗu Kawu Kwalba ya yi yana kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare, kuma a tsawon wannan lokaci abu ɗaya tak ya taɓa fasawa, shi ma kofin shayinsa ne. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ba a ganinsa sai da kwalba a hannu, ko yana wankewa, ko ya ɗaga ta ga haske yana harararta kamar ta yi masa ƙarya. Ya yi shekara biyu yana fushi da sunan, sannan ya gaji. Daga baya ma in aka kira sunansa na yanka, sai ya waiwaya ya ga wa ake nufi.

Ɗakin dogo ne, tebura shida, kowanne da famfo, biyu ne ke kawo ruwa. Jikin bango kantoci ne har rufi, cike da kwalabe: maciji a naɗe, ƙadangare, tana, kunama, kifin da aka tsaga wa ciki, duk suna jiƙe a ruwan fomalin, maganin nan mai yaji a ido da ke hana mushe ruɓewa. A kusurwa kwarangwal ɗin roba ke tsaye, wanda yara ke kira Tsohon Ɗalibi, wai tun zamanin da yake nan yana jiran sakamakonsa. Warin fomalin kuwa ya kama Kawu har ɓargo. Matarsa, wadda ke ɗinki a gida, takan ce ita dai miji aka ce za a ba ta, sai aka kawo mata asibiti.

A takarda, aikinsa shara ne da wanke-wanke da jera kaya. Amma duk wanda ya daɗe a makarantar ya san ainihin aikin Kawu na mako biyu ne a shekara. Jarrabawar bayoloji ta kammala sakandare, wadda ɗaliban ko'ina ke rubutawa rana ɗaya, tana da ɓangaren da yara ke kira firaktikal: a ajiye wa ɗalibi abu a faranti, ya duba, ya zana, ya faɗi abin da ya gani. Mako biyu kafin ranar, hukumar jarrabawa kan aiko wa malamar bayoloji ambulan na sirri, a ciki an jera abubuwan da za a tanada. Malama ta buɗe, ta kwafa a 'yar takarda, ta miƙa wa Kawu, shi kuma ya shiga gari. In an ce kyankyaso sittin, sittin zai kawo, kowanne da ƙafafunsa shida cif. In kaska ce, ya san mahaucin da zai je wa. Ya san inda fara ke sauka, ya san inda tana ke ɓuya in ƙasa ta bushe. Bakinsa kuwa, muddin makon nan biyu suka kama, kamar an bi shi da keken matarsa.

Har a gida haka yake. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Babba, ya rubuta jarrabawar shekara tara da suka wuce. Ya yi ta zagaye uban kamar kyanwa da mai suyar kifi. Ana gobe jarrabawa ya ce, "Baba, ban ce ka faɗa mini ba. Ka ce mini dai mai ƙafa ne ko marar ƙafa."

Kawu ya ce, "Ka karanta duka."

Babba ya faɗi firaktikal, kiredit ya kuɓuce masa, karatun aikin jinyar da ya ƙwallafa rai a kai ya bi ruwa. Yanzu gyaran waya yake a wata rumfa a bakin kasuwa. Yana gaida ubansa da ladabi, yana aiko da saƙo, amma tun daga ranar ba su sake zama sun yi hirar minti goma ba. Kawu ya san dalili, Babba ya san ya sani, kuma babu wanda ya taɓa tayar da maganar.

Ana haka sai ga takarda daga ma'aikatar ilimi. Duk ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen da ba shi da kiredit a bayoloji, an ba shi zuwa ƙarshen shekara ya kawo, in ba haka ba a ɗauke shi daga ɗakin. Shugaban makaranta ya karanta masa sau biyu, idonsa a kan tebur.

"Kawu, kana da shi ai?"

"Ranka ya daɗe, na dai rubuta."

"Yaushe?"

"Shekara talatin da uku ke nan."

"To, me ka samu?"

"Haƙuri aka ba ni, ranka ya daɗe."

Bai gaya wa kowa a makarantar abin da ya ƙudurta ba. Ya haye mota ya tafi can ƙarshen gari, wata cibiya da ke karɓar masu rubutawa daga waje, ya yi rajista. Mai ɗaukar hoto ya leƙa bayansa ya ce ina yaron.

Malamarsa ita ce Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta ci jarrabawar bara da maki mai kyau, ba tare da uban ya ce mata ko uffan ba, tana zaune gida tana jiran shiga babbar makaranta. Kullum da yamma su zauna a benci a tsakar gida, ita da rula da littafin tsofaffin tambayoyi, shi da fensir da tabarau mai hannu ɗaya.

Ta nuna wani abu a zanen ƙwayar halitta. "Baba, wannan fa?"

"Janareto."

"Sunansa na littafi."

"Ai shi ke ba da wuta."

"Mai maki bai san janareto ba. Mitokondiriya. Rubuta."

Ya rubuta. Kalmar ta fito kamar motar da ta yi karo, gaba ya shige baya.

Matsalar Kawu ba rashin sani ba ce. Ya san kowane abu, da sunayen ne ba sa gaisawa. Zuciyar rago ya tsaga ta fi sau ɗari a gaban yara, amma ɗakunanta huɗu shi a wurinsa falo biyu ne a sama, uwar ɗaka biyu a ƙasa. Auta ta yi wata uku tana gwada shi da tsofaffin tambayoyi. A ɓangaren rubutu da ƙyar yake haura talatin cikin ɗari. A firaktikal kuwa, in ta yafe masa haruffa, kusan duka yake kwashewa. Ta zauna ta haɗa ta raba, ta ce, "Baba, in ka cinye firaktikal ka tsallake. In ka yi tuntuɓe a can, sai dai ka je ka bi layi bayan Tsohon Ɗalibi."

Ranar wata Litinin ambulan ya iso. Malama mace ce mai sauri, shekararta bakwai a makarantar, ta san littafi ciki da bai, sai dai in kyankyaso ya tashi sama takan riga yara kai ƙofa. Ta leƙo ɗakin ta miƙa masa takarda a ninke. "Kawu, ga na bana. Ba su da wuya sosai." Ta wuce ajinta.

Ya tsaya da takardar a hannu. Ninki biyu ne kacal tsakaninsa da aikinsa. Ya cusa ta a aljihun gaban riga, ya maƙala maɓalli.

Kwana uku tana nan. Takardar da ba ta kai nauyin ganye ba, amma har kafaɗarsa ta hagu ta fara sauka. Ran Laraba matarsa ta ɗauki rigar za ta jiƙa, ta lalubi aljihu kamar yadda ta saba.

"Baban Auta, wannan fa?"

"Ajiye."

"Ita ce?"

"Ita ce."

"Ka buɗe?"

"A'a."

Ta zauna a bakin gado da rigar a cinya. "Ni ban ce ka yi sata ba. Ba ka ɗauka ba, ba ka roƙa ba, miƙo maka aka yi. Shekara ashirin da huɗu kana buɗewa, yau ne za ta zama haram?"

"Yau ɗalibi nake."

"Ɗalibi da furfura. In suka fitar da kai daga ɗakin nan, ina za ka kai wannan warin? Wa zai karɓe ka da shi?"

Ya murza tafin hannu. Can ya ce, "In na buɗe, da wane ido zan kalli Babba?"

Ta mayar da takardar aljihu, ta maƙala maɓallin da kanta, ta rataye rigar ba ta wanke ba.

Washegari ya shiga ofishin shugaban makaranta, ya roƙi a kira Malama, ya ajiye takardar a tebur da ninkinta, ya faɗi gaskiya. Malama ta riƙe baki.

"Kawu, kai ne za ka rubuta? Me ya sa ba ka faɗa ba? Ai da na riƙa yi maka darasi."

"Kunya, Malama. Ni ke tsawata wa yara su karanta."

"To yanzu wa zai nemo mini kayan?"

Shugaba ya duba hagu, ya duba dama, ya duba ta taga, idonsa ya faɗa kan maigadi yana korar akuya. Aka yanke shawara: Kawu zai rubuta cewa bai ga jerin kayan ba, ya sa hannu, ya ba da makulli, ya koma ɗakin karatu ya yi mako biyu yana kaɗe ƙurar littattafai. Maigadi shi zai shiga gari.

Maigadi tsohon abokin faɗan Kawu ne, Dakta yake kiransa, ba don girmamawa ba. Ya karɓi aikin kamar an ƙara masa girma, har hula ya sake.

Kawu ya ɗauka ya rabu da ƙaya. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ya mance cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma tagar ɗakin karatu tana kallon hanyar ɗakin gwaje-gwaje.

Malama ce ta fara. Ta leƙo ta ce, "Kawu, ina kake ajiye kwalbar aidin?"

"Kanta na uku, bayan..." Sai ya haɗiye sauran. Aidin ba ya fitowa sai za a gwada sitaci a abinci. Da yamma ya ɗauki fensir ya ja layi a kan babin gwajin abinci a jadawalin da Auta ta rubuta masa.

"Baba, me ya sa?"

"Ina zargin zai fito."

"Ai mutane abin da suke zargin zai fito shi suke karantawa."

"Su canki-canki suke yi. Ni sana'ata ce ta tsegunta mini."

Bayan kwana biyu maigadi ya gifta ta taga da gashin tsuntsu maƙale a hula. Kawu ya soke babin tsuntsaye. Aka wuce da ragar nan mai doguwar sanda, ya soke ƙwari. Ya ga an ɗebi farantan jiƙa iri goma sha biyu an kai famfo, ya ƙirga ba da niyya ba, ya soke iri da tsiro. Ya juya kujera ya ba taga baya, ya toshe kunne da auduga. Sai ga maigadi da kansa a kansa.

"Dakta, ban ce komai ba fa. Amma a ce mutum yana neman wani abu mai tsalle..."

"Fita."

"Misali ne."

"Fita da misalinka."

Ya fita. Kashegari ya dawo aiki da taɓo har gwiwa, baƙin taɓo mai ƙarni wanda babu irinsa a garin sai a kududdufin bayan gidan bulo. Kawu bai so ya gani ba, amma hancinsa bai shawarce shi ba. Ya soke babin kwaɗo.

Kafin mako ya zagayo babi bakwai ya soke, jadawalin ya koma kamar haƙoran tsohuwa. Auta ta ajiye rula, idonta ya ciko.

"Baba, waɗannan babin a ɓangaren rubutu ma suna fitowa. Gaskiyar nan taka ta yi yawa, ta fara cin mai ita."

Ya san ta fi shi gaskiya. Abinci ya daina wuce masa, wandonsa ya fara neman ƙarin huda a bel. In ya buɗe littafi sai ya ga makullin ɗakinsa a hannun wani, in ya rufe sai ya ga Babba yana tambayar mai ƙafa ko marar ƙafa.

Ana gobe firaktikal, wajen ƙarfe uku na rana, ya tashi zai tafi gida ya bi ta bayan ɗakin gwaje-gwaje don hanyar ta fi kusa. A baranda akwai bokiti an rufe da katako an ɗora dutse. Bai kalla ba, ya kau da kai kamar mai wuce surukai. Kunnensa ne ya ci amanarsa. Daga cikin bokitin ana dukan katakon, tim, tim, da ƙarfi, kamar masu son fasa rufi.

Ya tsaya cak.

Kwaɗo iri biyu ne. Akwai na tudu, mai busasshiyar fata duk ƙuraje, da ƙullutu biyu a bayan ido inda dafinsa yake, gajerun ƙafafu, malalaci, in ya yi tsalle ɗaya sai ya zauna ya yi tunani. Akwai na ruwa, mai santsi, dogayen ƙafafun baya, tantani tsakanin yatsu, wanda in ya tashi sai ka ce an harba shi. A littafi kowanne da sunansa. A baki kuwa duk kwaɗo ne. Malama ta ce wa maigadi kwaɗo, maigadi ya kawo kwaɗo. Waɗanda ke dukan katakon nan na ruwa ne, ko rantsuwa Kawu zai yi. Kuma a shekarunsa ashirin da huɗu sau tara hukuma ta nemi kwaɗo, takwas na tudu ne.

In na tudu ta nema bana, gobe yara sittin da uku za su duba faranti su rubuta gaskiyar abin da suka gani, fata mai santsi, dogayen ƙafafu, mai maki kuma ya duba takardarsa ya ga ƙuraje, ya bi su da jan biro ɗaya bayan ɗaya.

Ya ci gaba da tafiya. Ai ya sa hannu, ya ba da makulli, ba ruwansa. Mai yiwuwa ma bana na ruwan aka ce. Muddin bai tambaya ba, zargi ne kawai, gobe ya amsa tambayarsa da hannu mai tsabta. In ya tambaya, ya sani ke nan. Ya kai bakin get, ya fita, ya tsaya a bakin titi, mota biyu suka tsaya masa ya girgiza kai. Sittin da uku. Ya san su da fuska, ya san wanda hannunsa ke rawa in ya riƙe gilashi, ya san wadda ke zuwa da ƙanenta a baya ranar da uwarsu ke asibiti. Ya juya.

Ya tarar da Malama a ɗakin malamai tana jera lambobi.

"Malama, kada ki ce mini komai. Ki ɗauko takardar hukuma, ki je ki duba bokitin can. In sun yi daidai ki ci gaba da aikinki, ni na tafi gida."

Ya fita baranda ya juya baya. Ya ji takalmanta suna tafiya a hankali, ƙwas, ƙwas. Ya ji an ɗaga dutse. Shiru. Sannan ya ji takalman suna dawowa a guje. Kafin ta buɗe baki sun gama ba shi amsa.

"Kawu..."

"Na ji."

"Ashirin da ɗaya nake bukata, ɗaya ga yara uku. Ina ake samunsu da rana tsaka? Ka faɗi wurin kawai, in tura maigadi."

"Dodon koɗi zai kawo miki. Ba ni buhu."

Bai fita makarantar ba ma. Ya ɗaga murfin ramin mitar ruwa, uku. Ƙarƙashin dakalin tanki, biyar, a laɓe cikin sanyi kamar masu gudun aike. Bayan kicin inda ruwan wanke-wanke ke bi, ya dinga juya fasassun bulo yana ɗauka. Maigadi na biye da buhu yana leƙawa.

"Dakta, ai duk kwaɗo ne. Wannan dai bai yi wanka ba."

"Riƙe bakin buhu, ka riƙe naka."

Kafin biyar ta yi, ashirin da biyu, har da na ko-ta-kwana. Ya sa maigadi ya mayar da na ruwan kududdufinsu, ya wanke hannu, ya nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, hannun da na sa a takarda ya ɓaci. Yanzu na san ɗaya daga cikin kayan."

Shugaba ya ɗaga kai yana nazarin fankar sama. "Ni ban ga komai ba. Na dai hango ma'aikaci yana gyara bayan kicin."

"Ni na gani, ranka ya daɗe."

"To ka je ka yi shawara da wanda ya gani."

Da safe ya isa cibiyar da fensir uku a fiƙe. Yana shiga zauren, yara sa'o'in Auta suka miƙe suna gaishe shi, sun ɗauka mai sa ido ne. Ya lallaɓa ya nemi lambarsa ya zauna, gwiwoyinsa na tokarin tebur.

Tambaya uku ce. Ta farko gwajin abinci, ga aidin nan a 'yar kwalba. Bai karanta babin ba, amma hannunsa ya san aikinsa. Ta biyu ƙasusuwa ne, ƙashin baya da na kafaɗa, ya yi su kamar yana gaisawa da Tsohon Ɗalibi. Babu tsuntsu, babu ƙwaro, babu iri. Gashin da ya gani a hula ashe na kazar maigadi ne.

Ta uku tana zaune a faranti tana kallonsa, da ƙurajenta da ƙullutunta biyu. Maki ashirin. Ya lura ma'aikacin wannan cibiyar ya cika wa fomalin hannu, fatar ta ɗan yi fari. Ya karanta tambayoyin: a faɗi sunansa, a zana kansa, a faɗi amfanin abin da ke bayan ido, a kawo bambanci uku tsakaninsa da ɗan'uwansa na ruwa. Babu wadda bai sani ba. Wannan karon har haruffan ya sani, don da hannunsa yake sake rubuta su a jikin kwalba duk shekarar da takardar ta koɗe.

Ya rubuta lamba uku. Ya ɗora rula ya ja layi a ƙarƙashinta, ya ajiye fensir.

Minti arba'in suka yi suna kallon juna, shi da kwaɗo. Mai sa ido, wata matashiya, ta zagayo sau biyu, a na uku ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ba ka gane shi ba ne? Rubuta ko me ka gani, kada ka bar wuri fili."

"Na gane shi, 'yata. Sanin ne ya yi yawa."

A ɓangaren rubutu kuwa, bayan mako guda, tsuntsaye da ƙwari da iri duk suka fito suka rama sokewar da ya yi musu.

Sakamako ya fito bayan wata uku. Auta ce ta duba a waya, ta daɗe tana kallo kafin ta miƙa masa. Mataki ɗaya ƙasa da kiredit. Keken ɗinki ya tsaya a ɗaki, bai sake motsi ba sai washegari.

Yaran makarantarsa kusan duka sun ci firaktikal, har aka yaba wa Malama a taro. Ta rubuta wa ma'aikata doguwar wasiƙa a kan Kawu, shugaba ya sa hannu, amsa ba ta zo ba har shekara ta ƙare. Aka turo sabon ma'aikaci da takardunsa cif. Kawu ya nuna masa famfo biyu masu ruwa, ya nuna masa tagar da ba a buɗewa da ƙarfi, ya goge wa Tsohon Ɗalibi ƙura, ya miƙa makulli. Aka mayar da shi lambun makaranta, ban ruwa da yankan ciyawa. Shugaba ya ce in ya kawo takardar baɗi za a duba, sai dai kada ya sa rai sosai, wurin ya riga ya cika. Cikin wata ɗaya warin fomalin ya bar jikinsa. Matarsa ta ce ba ta taɓa zaton za ta yi kewar asibiti ba.

Wata Asabar da yamma yana zaune a benci shi kaɗai, sai ya ji babur ya tsaya a ƙofa. Babba ne. Ya gaida uwarsa, ya gaida ubansa, sai maimakon ya miƙe kamar kullum, ya zauna a ɗaya gefen bencin yana juya makullin babur a yatsa.

"An ce ka bar tambaya ta uku."

"Na bari."

"Maki nawa ce?"

"Ashirin."

"Nawa ya rage ka kai?"

"Auta ta ce bai fi biyar ba."

Babba ya girgiza kai, ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta fito fili ba. "Ni duk shekarun nan na ɗauka ni kaɗai ka yi wa."

Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, fiye da yadda gilashi biyu ke bukata.

"Mai ƙafa ne," in ji shi.

"Me?"

"Na shekararku. Fara ce. Ƙafa shida."

"Na sani, Baba. Ina wurin. Ita ta kayar da ni."

Daga ɗaki keken ɗinki ya rage gudu, alamar ana sauraro.

Babba ya ce, "An buɗe rajista ranar Litinin. Na biya ta wurin. Mai hoton nan ya ce yana gaishe da yaron."

"Kai me ya kai ka?"

"Tambaya na yi dai. Sun ce ba sa duba shekaru." Ya ɗaga murya kaɗan. "Auta, bencin nan yana ɗaukar mutum nawa?"

Ta fito da rula a hannu ɗaya, littafi a ɗaya, ta dubi uban, ta dubi yayan. "Yana ɗaukar uku. Amma duk wanda ya soke mini babi, Yaya, ko wane ne shi, ya nemi wata malamar."

"Sabon ma'aikacin nan," in ji Kawu, kamar mai magana da kansa, "bai san ramin mita ba. In ambulan ya zo..."

"Baban Auta," aka ce daga ɗaki, "in ka sake taɓa kwaɗo a makon jarrabawa, a bokitin za ka kwana."

Auta ta zauna a tsakiyarsu ta buɗe littafi, ta zaro jadawalin daga ciki. Layin fensir ɗin yana nan a kan babin. Ta miƙa wa ubanta magogi.